Godiya Ga Cibiyar Da Ta Koya Mana Koyarwa Da Fim

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri ga Shugaban cibiyar horar da malamai ta shiyyarmu da ma'aikatansa baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a domin kowa ya shaida. Da aka ce za ku yi mana bita kan koyarwa da fim, raina bai kwanta ba. A unguwarmu, in an ce yaro ya cika kallo, ana nufin ya yi watsi da karatu.

Ranar farko malamin da kuka turo ya kunna gajeren fim, ya kashe sautin, ya tsayar da hoton a kan fuskar wani dattijo, ya tambaye mu abin da idonmu ya gani. Muka yi tsit. Sannu a hankali ya nuna mana yadda mutum ke yin kwarjini in an ɗauke shi daga ƙasa, da yadda yake ƙanƙancewa in kyamara ta hango shi daga sama. A bakinsa na fara jin cewa hotuna 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa a fim ɗin sinima. Ya kuma tuna mana majigin da ake haskawa a ƙofar fada tun zamanin Turawa, ana koya wa iyayenmu noma da tsafta.

Abin da ya fi daɗaɗa mini shi ne kun san halin da muke ciki. Ɗalibaina sun haura saba'in, wuta kuwa sai an ga dama. Kuka koya mana aiki da waya ɗaya da hoton jarida. Na sa yara sun zana tsuntsu a kusurwar shafukan littafi, suka riƙa karkaɗa shafukan da babban yatsa, tsuntsu ya tashi! Wata yarinya da zango biyu ban ji muryarta ba, ita ta miƙe ta bayyana wa aji dalilin motsin.

Yanzu in an turo hoto a WhatsApp, yarana kan tambayi wa ya ɗauka, kuma me aka yanke daga gefensa.

Roƙona, Ranka ya daɗe, a kai wannan bita ga malaman ƙauyuka. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira.

Taku,
Malamar aji biyar