Kafin a sayi tsohuwar Porsche 944, a fara nemo makanikenta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana da matasanmu masu sha'awar tsofaffin motocin gudu masu ƙofa biyu, waɗanda ke kwana suna duba hotuna a shafukan gwanjon Amurka da Jamus, su ga an sa wa Porsche kuɗin da bai kai na sabuwar Corolla ba, sai zuciya ta fara raya musu. Wadda aka fi gani da wannan araha ita ce 944, kuma a kanta zan tsaya, don abin da ke damunta shi ke damun yawancin sa'o'inta masu inji a gaba.

An ƙera ta daga 1982 zuwa 1991, akasari a masana'antar Audi da ke Neckarsulm a Jamus, an fitar da sama da 160,000. Injinta silinda huɗu ne, lita 2.5 a yawancinsu, yana gaba. Giyarta kuma tana can baya tsakanin tayoyi, an haɗa su da wani dogon bututun ƙarfe mai sanda a ciki. Wannan ne ya raba nauyinta kusan daidai tsakanin gaba da baya, shi ya sa take zama daram a kwana. Jikinta an shafe shi da tutiya, ba ya saurin tsatsa. Mota ce mai ƙwari ƙwarai, kuma gudu ba ya kashe ta. Abin da ke kai ta ƙasa shi ne dabarun gareji da suka yi shekaru suna aiki a kan 504 da Hiace, aka zo aka gwada a kanta.

Mu fara da taimin bel. A wannan inji bawul da fistin wuri ɗaya suke shiga, lokaci ne kawai ya raba su, kuma bel ɗin roba ne ke riƙe da lokacin. Ranar da ya tsinke, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, sai sauke tof silinda. Masu motar sun daidaita a kan canza shi duk kilomita 48,000 ko shekara uku zuwa huɗu, wanda ya riga zuwa, don roba tana tsufa ko motar na ajiye a inuwa. Kada a dogara da lambar da ke kan agogon tafiya: wani ɗan haƙorin roba da ke juya shi yana yawan karyewa, sai mota ta yi shekaru tana yawo lamba na tsaye. In mai sayarwa bai nuna rasit mai kwanan wata ba, a ɗauka ba a taɓa canzawa ba, a ɗora motar a kan babbar mota zuwa gareji. Kuma ba bel kaɗai ake saya ba. Bayan bel ɗin ne ke juya famfon ruwa, in famfon ya cije ya tafi da shi, saboda haka ana haɗawa da famfo, da ƙananan tayoyin da bel ke bi, da duk robobin hana yoyon baƙin mai na gaban inji. Bel ɗin da ya sha mai ya gama aiki, ko jiya aka sa shi. Bayan an yi kilomita 2,500 zuwa 3,000 sai a koma a sake ɗaure shi, domin sabo yana saki. Akwai ma'auni na musamman da kamfanin ya yi don gwada taurinsa, lambarsa 9201. Daga 1987 an sa sifirin mai taimakawa wajen ɗauri, amma na kafin nan sai da ma'aunin ko hannun da ya daɗe a kan wannan inji.

Akwai bel na biyu, kuma nan ne ake gane wanda ya san motar. Inji mai silinda huɗu da ya kai wannan girma yana da jijjiga, sai aka sa masa sanduna biyu masu nauyi a gefe ɗaya, suna juyawa ninki biyu na gudun inji don su kashe ta. Fasahar Mitsubishi ce, Porsche ta biya ta ɗauka. Ƙafafun haƙori biyu da ke kan sandunan kamarsu ɗaya, kowanne da gurbin makulli biyu, ɗaya an buga masa O, ɗaya U, wato sama da ƙasa a Jamusanci. Na sama a O yake zama, na ƙasa a U. Makaniken da bai lura ba zai sa su duka iri ɗaya, motar ta tashi lafiya, ta yi salo lafiya, amma da inji ya kai juyi 3,000 zuwa 4,000 a minti sai sandar giya ta fara rawa, madubi ya dushe. In aka ci gaba da hawa a haka, jijjigar tana tsaga bututun da ke zuƙo baƙin mai daga kasko, inji ya ƙone. Wannan bel na biyu ya fi na taimin sako-sako, in aka ɗaure shi da yawa sai ya riƙa kuka kamar iska a kafar taga. Wani abu kuma da ba a yawan faɗa: babban notin gaban kiranshaf shi ne ke matse haƙorin famfon baƙin mai, ba wani makulli a wurin. Awon ɗaurinsa Nm 210 ne a sifana mai ma'auni, kuma sai an kulle filawil. In aka ɗaure shi da "ya isa haka", wata rana allurar mai za ta faɗi ƙasa ana cikin tafiya.

Sai zafi, wanda mu ba baƙonmu ba ne. Al'adar garejinmu ce a cire tamostat a jefar, a ce ta ƙasar sanyi ce, a haɗa fanka kai tsaye. A wannan mota tamostat tana cikin bakin famfon ruwa, kuma aiki biyu take yi: in ta buɗe hanyar lagireto, bayanta yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji. Cire ta ya bar wannan hanya a buɗe, ruwa ya riƙa kewaya inji bai je lagireto ba, zafin da ake gudu ya ƙaru. Abin yi shi ne sabuwar tamostat, sabon makunnin fanka da ke jikin lagireto, a wanke lagireton ciki da waje, musamman bayan hunturu in ƙura ta cika shi. Ruwanta kusan lita 8 ne, rabi maganin ruwa da ya dace da alminiyam, rabi ruwa mai tsabta. Ruwan rijiya zalla yana cin injin ta ciki. Bayan an zuba, dole a fitar da iska: a ɗaga gaban mota, a buɗe hita gaba ɗaya, a sassauta ɗan notin da ke saman wuyan ruwa a gaban tof silinda har ruwa ya fito babu kumfa. Iskar da ta maƙale ita ke sa allura ta riƙa hawa da sauka ba dalili.

In aka buɗe tankin ruwa aka ga ya koma kamar kunun gyaɗa, kada a yi saurin cewa gasket ya ƙone. A gefen injin, inda matatar baƙin mai take, akwai wurin da mai da ruwa ke wucewa kusa da juna, 'yan zoben roba ne suka raba su, kuma su ne suka fi lalacewa. Kayan ba su da tsada. Sai dai wajen mayar da murfin ana buƙatar wata 'yar sanda ta saiti, don bawul ɗin rage ƙarfin mai ya zauna a miƙe. In ya karkace ya cije, ƙarfin mai yana iya fasa robar matata da an tayar da safe.

Babban kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne kai bulok wurin masu bora. Silindar 944 ba ta da hannun riga na ƙarfe. Alminiyam ne da aka cakuɗa da silikon, ana kiransa Alusil, aka cinye alminiyam ɗin fuskar aka bar ƙwayoyin silikon, a kansu zobe ke gudu. Dutsen gogewa na yau da kullum yana lalata wannan fuska, inji ya dawo yana shan mai fiye da yadda ya tafi. In bangon silinda bai karce ba, a bar shi yadda yake. In ya karce, nemo wani bulok ya fi sauƙi. Kariyarsa dai ita ce matatar iska mai kyau da baƙin mai a cike. Yana ɗaukar kusan lita 6, kuma 20W-50 ya dace da yanayinmu. A riƙa duba sandar gwada baƙin mai duk shan fetur, domin in mai ya yi ƙasa aka shiga doguwar kwana da gudu, yana gudu gefe ɗaya na kasko, metal na silinda ta biyu shi ke fara tafiya. Da sanyi allurar ƙarfin mai tana nuna 5, in inji ya yi zafi yana salo ta sauko tsakanin 2 da 3.

Batun fetur gajere ne amma da nauyi. Na farkon da aka yi wa kasuwar Turai an matse injinsu sosai, suna son mai lamba 98, kuma masu bawul takwas marasa Turbo ba su da na'urar jin ƙwanƙwasa da za ta ja wuta baya da kanta. Gidajen manmu kuwa fetur iri ɗaya suke ba kowa. Na Amurka matsinsu bai kai haka ba, sun fi haƙuri da manmu. A jikin birenbos, wato kwamfutar inji, akwai wani ɗan majuyi da ke jan wuta baya da kimanin digiri 3, an yi shi ne don ƙasashe irin namu. In ana jin ƙarar tsakuwa a gwangwani lokacin hawan tudu, a ɗaga ƙafa. Tiyon fetur kuma, a na bayan tsakiyar 1985, ta saman bakin salansa suka bi. Roba mai shekara talatin da ɗoriya a kan wuta: a canza su a makon farko, ko ba sa yoyo, a ajiye abin kashe gobara kusa da kujera.

A marasa Turbo, kuloci yana da roba a tsakiyar faifansa. In ta dagargaje, za a ji "gam" duk sanda aka taka totur ko aka saki. Faifan ba wani abu ba ne, aikin ne jidali: salansa, giyar baya, a ja dogon bututun baya, sannan a kai gare shi. Ƙwararre ma yakan kwana biyu. Tunda an buɗe, a sa faifai mai sifirin, a canza boris da robar bayan kiranshaf gaba ɗaya, kada a koma sau biyu.

Rabin labaran "ta ƙi tashi" kuwa wani ɗan rile ne mai suna DME, wanda ke ba famfon fetur da birenbos wuta. Dalmar cikinsa tana tsagewa. A sayi biyu, ɗaya ya zauna a aljihun dashbod. In an murza makulli allurar juyi ba ta ko motsa ba, a duba na'urori biyu da ke saman gidan kuloci masu karanta filawil, tazararsu milimita 0.8 ce. Kafin mai wayarin ya fara yanke wayoyi, a nuna masa waɗannan.

To, a kan titi fa? Gaskiya Camry mai silinda shida za ta wuce ta a miƙaƙƙiyar hanya ba tare da direban ya ajiye wayarsa ba. Ta farko ƙarfin doki 163 gare ta, Turbo ta zo da 220, S2 ta 1989 mai lita 3 tana da 211. Daɗinta a kwana yake, da yadda sitiyari ke gaya wa hannu abin da taya ke takawa. Tayoyin baya ke turawa, babu kwamfutar da za ta gyara wa direba kuskure, kuma na kafin 1987 ba su da ABS. Ana gama taka birki tun mota na miƙe, a shiga kwana da totur a tsaye, a ƙara in an ga mafita. Sakin totur farat ɗaya a tsakiyar kwana yana ɗauke nauyi daga baya, in akwai yashi a bakin kwalta, kamar yadda ba a rasawa a hanyoyinmu, bayan zai zagayo. Turbo ta fi buƙatar hankali, don ƙasa da juyi 3,000 kamar tana barci, sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya. Tsakaninta da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba, kaskon mai kuma alminiyam ne, fashewa yake ba loɓawa ba. Tudun rage gudu a karkace ake hawansa, a giya ta ɗaya. Notin tayarta ma alminiyam ne, a hana mai faci sa musu injin iska ko taka sifana da ƙafa, awonsu Nm 130 ne. Taya kuma a karanta lambobi huɗu na mako da shekara a gefenta, don mai shekara goma takan zo da zanenta cif amma ta bushe kamar ƙirgi. Rana tana tsaga dashbod, tana ɓamɓare babban gilashin baya daga firam ɗinsa, saboda haka wanda ba shi da rumfa ya fara da ita.

Ba a cinikin biri a sama. Hukumar kwastan tana da iyakar shekarun motar da ake shigowa da ita, mafi ƙanƙantar 944 kuwa ta haura talatin, don haka a san matsayin takardu kafin kuɗi su bar hannu. Na Ingila sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, ba namu ba ne. Kayan gyaranta ba a cika samunsu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba, odarsu ake yi da dala ko yuro, a jira makonni. Wanda ya ji ya gani, ya ware kuɗin bel biyu, famfon ruwa, robobi, tamostat, tiyon fetur, man birki da tayoyi huɗu a cikin kuɗin saye tun farko, ya sauke littafin gyaran kamfanin a waya, ya zauna da makanikensa su duba shafin O da U tare kafin a kwance noti ko ɗaya.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna