A hau sikeli kafin a biya kuɗin dashen ƙwai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ma'aurata a zangunanmu na Kumasi ke zuba dukiya wajen neman haihuwa, alhali ba wanda ya taɓa ɗora su a sikeli ko ya auna musu sukarin jini. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, kuma halin da ɗiyar ƙanwata ta shiga ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekararta 6 da aure babu haihuwa. Al'adarta takan ɗauke wata uku, gida ya fara murna a ɓoye, sai gwaji ya nuna babu komai. Wani asibitin kuɗi ya yi ta ba ta ƙwayar motsa ƙwai zagaye bayan zagaye, daga bisani aka ce sai dashen ƙwai, wanda likitoci ke kira IVF. Tun da inshorar lafiya ta ƙasa ba ta ɗaukar nauyin wannan aiki, har ta fara cigiyar mai sayen sarƙar gwal ɗinta. Ran da ta kawo mini takardunta, tana sauke mayafi na hangi bayan wuyanta ya yi baƙi da kauri. Ta ce: "Inna, na gaji da dirza shi da soso da sabulun salo, ya ƙi fita." Na ce mata wannan ba dauɗa ba ce. Na ɗora ta a sikeli: kilo 85, tsayi mita 1.6.

Ma'aunin da ake kira BMI lissafi ne mai sauƙi: a raba nauyin mutum da tsayinsa, a sake raba abin da ya fito da tsayin. Nata ya kama 33, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 ne daidai, daga 30 kuma an shiga ƙiba mai illa. Baƙin wuyan nan kuwa alama ce ta cewa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Idan haka ta faru sai jiki ya riƙa ƙara yawansa, shi kuma yawan insulin ya tunzura mabuɓɓugar ƙwan mace ta fitar da sinadarin maza fiye da kima, ƙwai ya fara girma ya tsaya bai nuna ba, al'ada ta rikice, gashi ya tsiro a haɓa. Wannan ita ce lalurar PCOS, wadda ke kan gaba cikin abubuwan da ke hana mace sakin ƙwai, kuma yawancin masu ita ba su san suna da ita ba.

Dashen ƙwai bai kuɓuta daga wannan matsala ba. Mace mai ƙiba takan buƙaci allurai masu yawa na tsawon kwanaki kafin ƙwayayenta su nuna, wanda ke nufin ƙarin sidi, kuma ko cikin ya shiga, haɗarin ɓari da sukarin masu ciki da hawan jini ya fi yawa a kanta. Shi ya sa ƙa'idar likitocin Ingila ke ba da shawarar ma'aunin mace ya kasance tsakanin 19 da 30 kafin a fara. Lambar 19 ɗin ma tana da dalili, domin rama mai tsanani ita ma tana tsayar da sakin ƙwai.

Mu kuwa a zango ƙiba ado ce. Amarya ta yi wata shida ba ta cika zane ba, sai a fara tsegumin cewa miji ba ya riƙe ta da kyau, har wasu 'yan mata su koma sayen ƙwayoyin sa ƙiba a shagunan magani, waɗanda wasunsu ke ɗaga sukarin jini. A haɗa da koko mai cokali huɗu na sukari da safe, waakye tuli da taliya da garin rogo da rana, tuwo mai nauyi bayan isha'i, sannan zama a shago daga safe har magariba. Binciken lafiyar al'umma na Gana na 2014 ya gano mata 40 cikin 100 nauyinsu ya wuce kima.

Maigida ma yana da nasa kason, ko da yake ba kasafai ake kallon inda yake ba. Kitsen tumbi yana juya sinadarin namiji ya koma na mace, abin da kan rage yawan maniyyi da ƙarfinsa, kuma da yake maniyyi na ɗaukar kusan wata uku kafin ya kammala, gyaran da aka fara yau ba ya bayyana a gwajin mako mai zuwa.

Sai dai ba na goyon bayan likitan da zai sallami kowace mace da "je ki rage ƙiba ki dawo." Wani bincike da aka yi a Holan, aka wallafa a 2016, ya bi mata masu ƙiba fiye da 500, ya gano cewa waɗanda aka jinkirta wa magani wata shida don su rage nauyi ba su fi sauran samun haihuwa ba, duk da cewa an fi samun masu ɗaukar ciki ba tare da magani ba a cikinsu. Ƙwan mace na raguwa da sauri bayan shekara 35, don haka mai shekara 39 ba ta da shekara biyun da za ta ɓatar a gaban sikeli, gara a haɗa mata magani da gyaran abinci lokaci guda. Mai shekara 28 kuwa tana da sarari, kuma ba a ce sai ta koma siririya ba: rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi kan isa ya dawo wa mata da yawa da sakin ƙwai.

Ɗiyar tawa shekararta 28. Na raka ta wurin wani likitan mata, ya auna sukarinta, ya ɗora ta a kan metformin, maganin da ke taimaka wa jiki jin maganar insulin, ya kuma dage sai mijin ya zo an gwada shi, wanda sai da na sa baki sau uku kafin ya amsa. Ta rage sukari da tuwon dare, tana takawa da ƙafa daga Asawase zuwa Kejetia maimakon shiga trotro. A wata bakwai ta sauke kilo 7, al'adarta ta zo wata huɗu a jere, kuma likitan ya ce a wata mai kamawa zai fara mata letrozole, wata ƙwayar motsa ƙwai. Sarƙar gwal ɗin tana nan a akwatinta.

Wassalam.

Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Asawase, Kumasi