Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni ko wasa aka kawo yara yi

Assalamu alaikum, Alhaji. Allah ya ƙara girma.

Ranar Asabar a taron iyaye da malamai ka miƙe, ka karɓi lasifika, ka tambaye ni dalilin da ya sa na shafe mako uku ina sa 'yan aji ɗaya jera murafun kwalba da tsinken tsintsiya, alhali har yau ɗanka bai iya rubuta alamar > da ta < ba. Ka ce ko wasa aka kawo su yi. Aka yi dariya, hedimasta ya ce lokaci ya ƙure, aka shafa fatiha. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, bari ni ma in amsa inda kowa zai gani.

Kalmar nan ta wasa ita ce ta tsaya mini a wuya. Shekarata 19 ina riƙe da alli, kuma babban ɗanka da kake alfahari da shi a jami'a, a hannuna ya koyi ƙirga, da irin waɗannan murafun. A lokacin ban ji ka yi ƙorafi ba. Sai dai a lokacin ba a kusa zaɓen shugaban ƙungiyar iyaye ba.

Bari in gaya maka abin da ya faru a ranar farko ta wasan. Na jera murafu shida a kan tebur, na jera wasu shida a ƙarƙashinsu, kowanne yana kallon ɗan'uwansa. Na ce wane layi ya fi yawa? Suka ce daidai suke. A kan idonsu na baza layin ƙasa ya yi tsawo, ban ƙara ko ɗaya ba, na sake tambaya. Fiye da rabin ajin suka ɗaga hannu: na ƙasa ya fi! Ba zan ce ɗanka yana cikinsu ba, ba kuma zan rantse cewa ba ya ciki ba. Wannan ba daƙiƙanci ba ne. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Siwizalan, ya rubuta a kansa tun 1941: ƙaramin yaro da tsawo yake auna yawa, sai a hankali yake gane cewa shida shida ce, ko an matse ta ko an baza ta. To yaron da bai kai nan ba, in na ba shi alama ya zana tsakanin 6 da 6, me ya koya? Zane.

Bayan wannan akwai ramin da ya fi zurfi. Rubuta 19 da 21 a allo, za ka samu masu cewa 19 ta fi, don sun ga tara, tara kuwa babba ce. Maganinsa tsinken nan da ka raina. Mu ƙirga goma, mu ɗaure da roba. Sha tara ɗauri ɗaya ne da tsinke tara a warwatse, ashirin da ɗaya kuma ɗauri biyu da tsinke guda. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta zuba musu ido, can sai ta ce, "Malama, ai mai ɗauri biyu ya cinye." Ranar ban ji yunwar rana ba. Ka gwada a gida ma: miƙa wa ɗan shekara shida takardun naira 20 guda uku a hannu ɗaya, naira 100 guda a ɗayan, ka ga wanne zai wafta.

Su alamomin da kake ɗoki, ai baƙi ne a lissafi. Wani masanin lissafi, Robert Recorde, shi ne ya fito da alamar daidai (=) a 1557, su kuma > da < sai a 1631 suka bayyana, a littafin Thomas Harriot, Baturen Ingila, shekara goma bayan mutuwarsa. Kasuwar Kurmi kuwa tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma ban taɓa jin an ce fataken lokacin sun kasa sanin wanda ya fi wani kaya ba. Kai kanka ɗan kasuwa ne. Sau nawa ka zana alamar nan kafin ka gane an tauye maka mudu?

Ka ce a wata makaranta rana ɗaya ake koya musu da bakin kada, wai kada yana hangame baki wajen babbar lamba. Na san dabarar, ina amfani da ita a mako na huɗu. Amma kada ba ya gaya wa yaro wacce ce babbar, sai yaron ya riga ya sani. Kuma in lambobin suka zo daidai, kadan ya rasa inda zai juya.

Batun cewa ina koyarwa da Hausa ba zan ja shi ba. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ma da harshen gida ya ce a fara. Yaron da ke kuka don ƙosan yayansa ya fi nasa yawa, ya riga ya zo mini da "ya fi" da "bai kai ba" a bakinsa, ni gini kawai nake yi a kai.

Abin da na so ka tambaya da lasifikar nan shi ne yadda mace ɗaya take yi da yara 84 a ɗaki guda, rabinsu a ƙasa. Murafun nan ni nake bin masu sayar da lemo ina roƙo, in wanke su da omo a gidana. Robar ɗauri daga albashina take fita, in ya zo. Shekara biyu ke nan ƙungiyarku tana alkawarin benci.

Darasin lissafi ranar Talata ne, ƙarfe takwas da rabi. Ka zo ka zauna a baya, zan ba ka aron kujerata tunda babu wata. In kana da murafun kwalba a shago, ka taho mana da su, namu sun fara tsatsa.

Wassalam,
Malamar aji ɗaya