Roƙon Tallafi: Kayan Gwajin Kimiyyar Sinadarai Ga Ɗaliban Aji Biyu Na Babbar Sakandare

Assalamu alaikum iyaye, tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni na unguwarmu.

Kwamitin iyaye da malamai ne ke neman taimakonku. Yaranmu sun haddace abubuwan da ke sa sinadarai su yi aiki da sauri ko a hankali, wato zafi, ƙarfin haɗi, laushin abu da katalis (abin da ke hanzarta aiki ba tare da shi ya ƙare ba), amma a allo kawai suka gan su. WAEC da NECO kuwa na tambaya a kan wannan darasi, kuma gani ya kori ji.

Ga gwajin da muke son kowane yaro ya yi da hannunsa. Ana narka giram 40 na wani gishirin sinadari mai suna sodiyom tayosalfet a lita 1 na tataccen ruwa. A zuba mililita 50 a kwalbar gwaji, a ɗora ta kan takardar da aka zana wa alamar X, a ƙara mililita 5 na asid haidirokulorik da aka sirka, a danna agogo. Ruwan zai riƙa gurɓacewa saboda farar wuta da ke fita, har alamar ta ɓace. Sai a maimaita da mililita 40 da ruwa 10, sannan 30 da 20, har zuwa 10 da 40. Yaro zai ga lokacin yana ƙara tsawo. In aka ɗumama haɗin da digiri 10, lokacin yakan ragu da kusan rabi, dalilin da ya sa kunu ke saurin tsami a bazara ke nan.

Gwajin yana da saurin ɓaci. Kwalbar da ba a ɗauraye sosai ba, ɗigon asid ɗin da ya rage a ciki zai gurɓata ruwan tun kafin a danna agogo, don haka kwalba ɗaya ba ta isar aji. Rukunin da ya yi nasa da sanyin safiya da wanda ya yi da azahar ba za su sami amsa ɗaya ba sai da ma'aunin zafi. Kada a wuce digiri 50, kuma tagogi a buɗe, don iskar da ke tashi tana shaƙe mai asma.

Rukuni 10 muke da su. Muna buƙatar kwalaben gwaji 20 masu cin mililita 250, silindar awo 10 manya da 10 ƙanana, ma'aunin zafi 10, agogon daƙiƙa 10, tabarau na kariya 50, da sikeli ɗaya. Giram 500 na tayosalfet zai kai mu zagaye 8, tunda giram 60 ke tafiya a kowane zagaye na rukunan 10. Sai asid lita 2.5 da tsakuwar marmara, wadda ake sa wa a asid don gwajin laushin abu.

Don Allah kada a kawo ruwan batir a madadin asid ɗin. Salfurik ne, yakan lulluɓe marmara da wani ɓawo, aikin ya tsaya cak. Gwajin katalis ba ya cin kuɗi: haidirojin na wanke ciwo da ɗanyar hanta sun isa, muddin kwalbar haidirojin ɗin ba ta sha rana ba.

Kuɗi ko kaya, a miƙa wa ma'ajin kwamiti a ofishin shugaban makaranta, a karɓi rasit. Za a karanta lissafi a taron iyaye mai zuwa. Allah Ya saka da alheri, Ya sa albarka a dukiyarku da zuri'arku.

Kwamitin Iyaye da Malamai