Wasiƙa zuwa ga Habu: kar ka mayar da injin nan tukuna

Bolari, Gombe

Assalamu alaikum Habu, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan damina ta tattara, ƙura ta fara leƙowa, da asuba sai da bargo.

Saƙonka ya iso, wai ka sayi injin huji mai aiki da iska, na hannu, yana ta huci kamar kububuwa amma ko falange ya kasa hudawa, har ka yi rantsuwa sai ka mayar wa mai shi. Yi kaffara kawai, Alhaji. Ni na riga ka shiga wannan ramin.

Bara na sayi nawa wurin wani mai kayan gwanjo, ƙirar Chicago Pneumatic, rubutun jikinsa ma ya kusa gogewa. Na kawo shago, na jona shi da kwamfuresa, wato injin da ke matse iska a tanki, na danna kunamar, sai iska kawai ke fita, kan ba ya motsi sai na murza masa da hannu. Yaron shagona, da yake ya fi kowa sani, ya faki idona ya ɗura masa baƙin mai na mota. Ya kuwa tashi, muka yi ta murna. Kwana uku, da safiyar sanyi, ya cije gaba ɗaya.

Wani dattijon makanike da ya daɗe a aikin hanya ne ya kwance mana shi a kan buhu. Habu, babu koyil a ciki, babu waya, babu abin da zai ƙone. Wani ɗan gungumen ƙarfe ne mai tsagi-tsagi, a kowane tsagi akwai ɗan filafili siriri da ke shiga yana fita. Iska ce ke tura filafilan, su kuma su juya gungumen. Dattijon ya sa farce ya zaƙulo ɗaya, sai ga shi ya yi danƙo kamar ƙaro, mai da ƙura da tsatsa sun haɗu sun liƙe shi a raminsa. Ya wanke su da kalanzir, ya shanya, ya shafa mai marar kauri, ya mayar. Da ya danna, ƙarar da injin ya yi sai da akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Kuɗin goro kawai ya karɓa, amma faɗan da ya yi mana ya fi kuɗin tsada.

To ga abin da nake yi tun ranar. Kafin in fara aiki sai in zare tiyo, in ɗaga gindin injin sama, in danna kunama, in ɗiga mai ɗigo 4 ko 5 a ramin da iska ke shiga. In mayar da tiyo, in rufe mafitar iskar da tsumma, in bar shi ya yi gudu kaɗan. Tsumman nan kar ka raina shi; farar rigata ta Juma'a ce ta koya mini. In aikin yini ne nakan ƙara da azahar, haka ma da yamma kafin in ajiye, don man ya kwana a ciki ya hana tsatsa. Man akwai nasa na musamman, wanda ake yi don kayan aikin iska, masu sayar da kwamfuresa suna da shi. Ranar da ka rasa, man keken ɗinkin matarka zai riƙe ka kafin ka samo, in ta yarda. Baƙin mai ya yi kauri, man birki kuwa lalata robobin ciki yake yi.

Amma kai babban abokin gabarka ruwa ne. Duk lokacin da kwamfuresa ta matse iska, laimar da ke cikinta takan koma ruwa ta kwanta a gindin tanki, daga nan ta bi tiyo ta wanke man da ka ɗiga. Mu da muke busasshiyar ƙasa ma, a watan Agusta na buɗe ɗan famfon ƙasan tankin, jan ruwa ya zubo har ya cika gwangwanin madara. Ina ga ku da ko tufafi ba sa bushewa a igiya? Ka riƙa zubar da shi kullum in za ka rufe shago, ka kuma sa matacin ruwa tsakanin tanki da tiyo.

Sai ƙarfin iskar. Irin waɗannan injina 90 suke so a ma'aunin ƙarfin iska na PSI, wato 6 da ɗan ɗori a ma'aunin bar, kuma ka duba agogon awon iskar ne lokacin da kake danne da kunama, ba yana hutawa ba. In allurar ta zube ƙasa da ka danna, laifin ba na injin ba ne: ko tankinka ƙarami ne, ko tiyon ya cika tsawo da siranta. Nemi mai faɗin milimita 10. Akwai kuma wata 'yar raga a mashigar iskar, ka ciro ta ka kakkaɓe, tawa na same ta toshe da zare da ɓurɓushin roba. Haƙoran giya na wajen kai giris suke so, ba sai kullum ba.

Don Allah in za ka canja bakin hujin, zare tiyo tukuna, kuma kar ka manta makullin ɗaure bakin a jiki. Na yaron nan ya tashi sama ya fasa mana gilashin taga, Allah ya kiyaye ba ido ba ne.

Yanzu ƙofofin wani gida nake haɗawa a Tumfure, da shi nake duk hujin. Ya fi na lantarki sauƙi a hannu, ba ya zafi, in baki ya maƙale sai ya tsaya kawai.

Ka gwada na mako guda ka aiko mini da labari. In za ka zo bikin ƙanwarka, taho mini da robar man nan biyu, an ce can ya fi araha. Ka gaida Maman Walid da yara, Inna ma tana gaishe ka, ta ce ka manta da ita.

Wassalam.
Naka,
Ɗanjuma mai walda