Wasiƙa ga Iyaye da Masu Riƙo: Maganar Baje Kolin Gauraki

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yaranmu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, maganar baje kolin ranar Alhamis ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ƙorafin da ke shigowa ofishina a kansa ya yi yawa. Wasu sun ce mun ajiye lissafi mun koma bin tsuntsu. Wani uba kuma, da kyakkyawar niyya, ya aiko cewa zai samo mana gauraka mai rai a ɗaure shi a harabar makaranta don yara su gani. Na gode masa, amma ban amince ba, kuma ba zan amince ba. Kama gauraka ana sayarwa ga masu son kwalliyar gida na daga cikin abubuwan da suka rage yawan baƙin gauraka mai zanko a Afirka ta Yamma. Ba za mu shafe makonni shida muna koya wa yara wannan ba, sannan mu ɗaure ɗaya a gabansu. Gashinsa ma kada a kawo mana, balle ƙwai.

Masu cewa mun bar lissafi, ina roƙonku ku zo ku duba bangon aji biyar. Yaran sun auna mita 1.8 da hannunsu sun ja layi, tsayin da gaurakan sarus na Indiya kan kai ke nan, wanda babu tsuntsu mai tashi da ya fi shi tsawo. Ni kaina na tsaya a jikin layin, ya wuce ni. 'Yan aji shida kuwa sun bi hanyar farin gaurakan Amurka ta Arewa a kan taswira, daga gandun Wood Buffalo a Kanada inda yake ƙyanƙyasa zuwa gaɓar teku a Aransas ta jihar Texas inda yake cin hunturu, tafiyar kusan kilomita 4,000, suka kasa ta gida-gida suka fitar da nisan da zai yi a yini. A 1941 abin da ya rage na irinsa bai fi 20 da 'yan kai ba. Yau sun haura 800, saboda an hana harbinsu an kuma tsare musu dausayi. Da aka tambaye su ninki nawa ke nan, wata yarinya da kullum ake kawo min ƙararta kan lissafi ita ta fara ɗaga hannu.

Gauraki iri 15 ne a duniya, kuma ana samunsu a kowace nahiya ban da Amurka ta Kudu da Antatika. Kowane rukuni na yara ya ɗauki ɗaya. Akwai mai jan kai na Japan, wanda aka taɓa ɗauka ya ƙare a ƙasar sai aka tarar da 'yan kaɗan a fadamar Kushiro. Akwai na Saiberiya, wanda kusan dukkansu a tafkin Poyang na Sin suke yin hunturu, wato da tafkin zai lalace da an rasa irin. Akwai ƙaraminsu duka, wanda ke tsallake duwatsun Himalaya ya sauka Indiya. Wanda ke jikin tutar Yuganda shi ne mai zanko ruwan toka. Shi da ɗan'uwansa baƙi su kaɗai ne ke iya kwana a kan itace, saboda dogon yatsan baya da suke riƙe reshe da shi. Sauran galibi a tsaye suke kwana cikin ruwa marar zurfi, don su ji motsin duk abin da ya doso su. Shi ya sa idan aka busar da fadama, an raba su da wurin cin abinci da wurin kwana da wurin sheƙa gaba ɗaya. Wayoyin lantarki da guba su ma suna kashe su, har ya zama fiye da rabin ire-irensu na cikin hatsari.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zamansu na iyali. Miji da mata kan daɗe tare shekara da shekaru, su yi kuka tare murya biyu a haɗe, su yi rawa da tsalle da ruku'u suna jefa kara sama. Yawanci ƙwai biyu ake sakawa, kuma su biyun ke karɓa-karɓar kwanci na kusan kwana 30. Ina faɗin wannan ne ina tuna iyaye mazan da ban ga fuskarsu ba tun farkon zango.

Dole in yaba wa malamar kimiyya. Ita ta kawo wannan tunani, ita ke zama bayan an tashi tana yanka kwali tare da yara, kuma da tiyo ta nuna musu yadda maƙogwaron wasu gauraki ke naɗewa cikin ƙashin ƙirji har kukansu ya kai nesa. Allah ya saka mata da alheri. Malamin zane ma ya yi ƙoƙari.

Sai dai akwai abin da ya ɓata min rai. Ayyuka da dama an kwafo su ne daga waya kalma da kalma, har da hoton zalɓe a matsayin gauraka. Zalɓe yana lanƙwashe wuya idan yana tashi, gauraka kuwa miƙe nasa yake yi. Yaron da ya yi aikinsa da kansa ya san wannan. Na mayar da su duka. Ku zauna da ɗanku ya faɗa muku da bakinsa abin da ya gane, ya sake rubutawa da hannunsa, ya kawo kafin Laraba. Kada ku yi masa, mun san rubutunsu.

Maganar makara tana nan yadda kuka sani. Danƙon harbin tsuntsu da aka ƙwace yana ofishina, uba ne zai zo ya karɓa. Jadawalin jarrabawa zai fito mako mai zuwa.

Za a buɗe baje kolin da ƙarfe 10 na safe. Kowane yaro zai tsaya a gaban aikinsa yana jiran wanda zai tambaye shi, don Allah ku zo da kanku.

Na gode.
Shugaban Makaranta