Rahoton Ayyukan Shekarar 1446: Iskar da ke Shiga Warshoshinmu

Assalamu alaikum, iyayenmu dattawa da 'yan'uwa kafintoci na Jidda da Makka.

Babban aikin da kwamiti ya sa a gaba bana shi ne duba warshoshin da suka fitar da bututun injin zuƙar ƙura waje. Fitarwar daidai ce, musamman ga masu yanka MDF, allon da ake yi da matsattsen garin katako, don buhun injin ba ya riƙe lallausan gari, kuma tun 1995 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo kansar hanci. Inda membobi da yawa suka yi sake shi ne, duk iskar da injin ya watsar waje dole wata ta shigo ta maye gurbinta, amma ba su bar mata hanya ba.

Ga lissafin da muka yi ta maimaitawa a zagayenmu. Kafin garin katako ya tafi ba tare da ya kwanta a bututu ba, sai iska ta yi gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. A bututu mai inci 6, wannan ya kai kubik mita 1,270 a awa. Warsha mai mita 6 da 8, tsayi 3.5, kubik 168 take ɗauka, ke nan cikin minti 8 injin ya kwashe iskarta kaf. In an rufe ko'ina saboda mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ƙofa za ta yi tauri, a ji fito ta ƙarƙashinta, zuƙa ya ragu, gari ya taru a gwiwar bututu. Wasu sai su ɗora wa injin laifi, su tafi neman babba. Mafi muni, ɗakin ya shiga janyo iska ta inda ba a so: warin magudanar banɗaki, ko hayaƙin janareta da hitar gas, mai ɗauke da kabon monoksaid wanda ba shi da wari kuma yana kisa. Gwajin ba wuya: a kunna injin, a ɗan buɗe ƙofa, a riƙe tishu a bakinta. In ya miƙe da ƙarfi zuwa ciki, hanya ta yi kaɗan.

Shawarar kwamiti: kada iskar da ke shigowa ta wuce mita 2.5 a daƙiƙa. Ga bututu inci 6 ana buƙatar sarari tsantsa murabba'in mita 0.14, amma raga da luba, wato jerin siraran faifan taga masu karkata, suna cinye kusan rabi, don haka a huda tagar shigar iska mai santimita 60 da 50. A sa marfi mai buɗewa ciki da kansa, da soson tacewa saboda yashi, a kakkaɓe shi duk mako. Tagar ta zama bayan mai aiki, kuma aƙalla mita 3 daga bakin fitarwa. A Jidda iska ta fi kaɗawa daga arewa, sai a sa mashiga ta can, mafita ta kudu. Saikulon kuwa, wato mazurarin da ke raba gari da iska, wajibi ne kafin mafita, kada a rufe maƙwabta da gari.

Sanyin mukayyif zai tafi, wannan ba makawa, kuma raɓar Jidda tana kumbura katako. Abin da ya fi aiki shi ne a jawo bututu inci 8 daga waje har gindin zarton, injin ya riƙa shan iskar waje kai tsaye, a kuma toshe rassan da ba a aiki da su.

A kula da injinan da aka yi don wutar hats 50, wato mai juyawa sau 50 a daƙiƙa. Tamu ta Saudiyya 60 ce, fanka za ta ƙara gudu da kashi 20 cikin ɗari, nauyin da ke kan motar injin ya haura da kusan kashi 70, ta ƙone.

Kuɗin wata da gaisuwar marasa lafiya sun tafi yadda aka saba, ma'aji zai karanta nasa a taro. Baɗi, in Allah ya kai mu, za a haɗa kuɗi a sayo na'urar ƙararrawar kabon monoksaid. Mai janareta ko hitar gas kusa da warsha ya ba sakatare sunansa.